Mutumin da Ya Kashe Fitilun Gaɓa

Ranar da na fara aikin shara a gidan Coquina, wadda ta zagaya da ni ta nuna mini wani dogon mutum a kan tsani, ta ce, "Wancan Bos Orelus ne. Ki gaishe shi ki wuce, ba ya son dogon zance." Mu 'yan Haiti duk mai sana'ar hannu Bos muke ce masa. Shi ne mai gyaran wuta da famfo na gidan gaba ɗaya, dogon bene a bakin teku, arewa da Miami, cike da tsofaffin da suka gudo wa sanyin garuruwansu. Mu ke share musu, mu ke yanke ciyawa, mu ke juya su a gado in jiki ya ƙi.

Orelus Cadestin baƙi ne, siriri, da ɗan doro, tafiyarsa a hankali kamar yana gudun kada ya tada mai barci. Ba a taɓa ganin mataccen ƙwan lantarki a Coquina ba. In ƙwai ya fara ƙifta ido da safe, kafin rana ta take ya sauya shi. A bangon da ke fuskantar teku kuwa manyan fitilu ya jera, farare tas. Shi ya roƙi manaja aka sayo su, ya ce maganin ɓarayi ne. Da magariba in ya kunna su, ko allura ka yar a yashi za ka tsince ta.

Abubuwa biyu muka sani game da shi. Ba ya taka yashin gaɓa, ko da bututu ne ya fashe a can sai dai ya aika wani. Kuma ba ya cin kifi, alhali mutumin Saint-Louis du Nord ne, garin bakin teku a Haiti, inda da kifi ake yaye yara. A ɗakin injin ruwa yake cin abincin rana, shinkafa da wake a kwanon da matarsa ta ɗaure masa, ya ba teku baya. Bos Fenelon, mai irin aikinsa a benen da ke maƙwabtaka da mu, yakan shigo da soyayyen kifi a takarda don neman magana.

"Ɗan masunci ba ya cin kifi! Wai kun haɗa kaka ne da su?"

"Ci naka ka bar mini nawa, ƙaton banza. Cikin nan naka wata rana tsani zai karya."

"In na faɗo kai za ka tare ni."

"Zan matsa gefe in ba ka wuri."

Iyakar raharsa ke nan, kuma da Fenelon kaɗai.

Cocinmu ɗaya da su Bos Orelus. Ranar sabuwar shekara na kai wa matarsa Clemene miyar kabewa, kamar yadda kowa ke kai wa kowa, ita ma ta zubo mini tata. Muna zaune a kicin na tambaye ta zancen kifi. Ta leƙa falo ta ga yana waje, sannan ta ba ni labarin.

A farkon shekarun 1980 ya taso daga Haiti, a jirgin katako mai filafilai, shi da ƙanwarsa Nerilia. Uwarsu ce ta damƙa masa ita a bakin ruwa. Sun daɗe a teku har ruwan sha ya ƙare. Gab da asuba suka hango fitilun Florida, mutane suka fara waƙar godiya, sai igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta kife shi. Yana riƙe da hannun Nerilia. Daga nan kuma ba ya riƙe da shi. Ya ɗago kai bai ga komai ba sai hasken wani bene guda, ya yi ta iyo wajensa har ƙirjinsa ya gogi yashi. Da gari ya waye teku ta dawo da gawarwaki, aka jera su, aka zagaya da shi ya duba fuskoki. Babu Nerilia. An tsare shi a sansani kusan shekara, ya fito ya koyi aikin wuta.

"Wannan benen ne ya gani?" na tambaya.

"Shi ya ce shi ne," in ji Clemene. "Ni ban sani ba. Sau uku yana zuwa neman aiki a nan kafin su ɗauke shi, alhali ga wani kusa da gida. Kada ki nuna masa kin sani, 'yar'uwa Ermite."

Ban nuna ba.

Kunkurun teku kuwa tun kafin a gina benayen suke zuwa wannan gaɓa. Da bazara uwayen ke fitowa su haƙa rami su zuba ƙwai su koma, bayan wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe. Mun san da su yadda ka san da maƙwabcin da ba ku gaisawa. Muna ganin wata tsohuwa, Mis Gwen, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, kullum da sassafe tana bin yashi da bokiti, tana kafa sanduna da rawayan zare kewaye da ramukan. Mun ɗauka aikin wanda bai da aiki ne.

Wata safiya a watan Agusta na sauko daga bas, na shiga ta wurin ajiye motoci, sai na ji na taka wani abu mai taushi. Ɗan kunkuru ne, bai kai tafin hannun yaro ba. Na ɗaga ido na ga wasu, nan da can, a ƙarƙashin motoci, a gindin ginshiƙai. Waɗanda ke kan titi mota ta bi ta kansu, sun zama kamar ganyen da aka taka. Wasu na motsi, suna jan kankare da hannuwansu kamar masu iyo, tururuwa ta rufe musu ido. Mis Gwen na durƙushe tana tsince su.

Bos Orelus na tsaye a kan murfin magudanar ruwa, ya karkatar da kai.

"Kin ji?" ya ce mini.

Na saurara. Daga ƙasa wata ƙara ke tasowa, 'yar siririya, ƙarr ƙarr, kamar ana karce ƙofa da farce daga ciki. Ya ɗauko ƙarfe ya ɗaga murfin, ya kwanta rub da ciki ya zura hannu har kafaɗa. Ɗaya bayan ɗaya yake fito da su yana miƙa mini, ni kuma ina sa wa a bokitin tsohuwa. Ko da suka ƙare bai tashi ba, ya yi ta lalube a cikin duhun ramin.

"Babu saura, Mista Orelus," in ji Mis Gwen.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. Tashi."

Da ya miƙe ta nuna masa bangon teku. Ta ce 'ya'yan nan da daddare suke fitowa daga rami, kuma abin da suka sani a duniya guda ne: su bi inda ya fi haske. Tun asali teku ce ta fi haske, domin tana ɗaukar hasken sama, tudu kuwa duhu ne. Yanzu fitilunsa sun fi teku.

"Ba wai ka zauna a duhu ba," ta ce. "Akwai ƙwayayen lantarki masu launin garwashi, ba sa ruɗa su sosai. A sa su ƙasa-ƙasa, a yi musu hula su kalli ƙasa. Masu ɗakuna su ja labule. Shi ke nan."

"Wanda ke cikin ruwa zai hango su?"

"Wa zai shiga ruwa da dare?"

Ya ɗauki ƙarfensa. "Fitilu suna nan inda suke, Madam."

Amma akwai doka, kuma ba a daɗe ba jami'in gari ya zo ya ga manaja. Manaja ya kira Bos Orelus ya ce a sauya. Bai yi gardama ba, ba halinsa ba ne. Sati guda yana hawa tsani yana kwance fararen fitilun, yana naɗe kowace a tsumma kamar jariri. Fenelon ya zo kallo.

"Oho, su ƙwai kai ma ƙwai, amma nasu ya fi naka gata! Shekara nawa kana wahala, kunkuru ya zo ya zama manajanka."

Bos Orelus ya ci gaba da naɗe fitilarsa. Fenelon ya ga ba wasa a fuskarsa, ya tattara kifinsa ya tafi.

Fitila guda ya bari a kusurwar bango, babbar cikinsu, ya ce wa manaja wai ya riga ya cire mata waya, don ko ta kwana kawai. A watan Satumba aka yi wata guguwa can nesa a teku. Ba ta iso mu ba, sai dai ruwa ya harzuƙa, ana jin rurinsa har cikin ɗakin wanki. Na tashi aiki da magariba, na biyo ta bayan gida, na tarar da shi a gaban akwatin wuta. Ya ɗaga maɓalli. Yashi ya yi fari fat har bakin kumfa.

"Bos, za a gani fa."

"A gani. Ba ki ji iskar nan ba?"

"Na ji. Amma ba kowa a can."

"Ke kika sani?" Ya juyo ya dube ni. "In iska ta taso daga gabas haka, ina jin su, Ermite. Ba kuka suke ba. Kiran sunayen juna suke, kowa na kiran nasa."

Na ce masa ya tafi gida, matarsa na jira. Ya ce to. Na gudu don kada bas ya bar ni.

Da safe na tarar da shi da Mis Gwen a wurin. Shi yana kan matakalar katako ta ƙarshe, ita tana ƙasa. Rami guda ya ƙyanƙyashe a daren, dab da kusurwar. Sawun 'ya'yan ya nuna komai: sun fito, sun juya wa teku baya, sun taho gindin bango ƙarƙashin fitilar, suka yi ta zagaye a wuri ɗaya har yashin ya zama kamar an tuƙa shi da muciya. Ƙaguwa da tsuntsaye sun ci rabonsu. Sauran kuwa rana ta same su a nan. Mis Gwen ta jera su a kan tawul. Ƙalilan ne masu rai.

Na zaci za ta yi masa ihu. Sai ta goge hannu a wandonta, ta ɗago kai.

"Ban san wa kake haska wa hanya ba, Mista Orelus. Ba zan tambaya ba. Amma waɗannan ne suka zo."

Ya daɗe yana kallon tawul ɗin. Sannan ya hau, ya ɗauko almakashin waya, ya datse wayar fitilar daga tushe. Bai naɗe wannan a tsumma ba. Cikin kwandon shara na gan ta.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya zata. Kusan duk masu gyaran benayen wannan layi mutanenmu ne, ana haɗuwa a coci ko a wurin wasan domino ranar Asabar. Bos Orelus, mutumin da sai ka yi da gaske kake jin muryarsa, ya shiga bin su ɗaya ɗaya. Ba ya wa'azi. Yakan ce, "Gobe da sassafe ka ɗaga murfin magudanarku ka saurara." Da Fenelon ya fara.

"Tsofaffina za su faɗi su karya ƙugu, a ce ni ne," in ji Fenelon.

"Ƙafarsu suke so su gani, ba Afirka ba. Zo in nuna maka."

Ya nuna masa yadda ake jera ƙananan fitilu a tsayin gwiwa a gefen hanya, yadda ake lanƙwasa gwangwani a yi wa ƙwai hula, yadda ake manna takarda mai duhu a gilashin matakala. Bayan ya tashi aiki yake zuwa ya taya su, har Lahadi da yamma. Tsohuwar da ta ƙi jan labule, shi ke ƙwanƙwasa mata ƙofa, hularsa a hannu, ya tsaya shiru har kunya ta kama ta. Cikin 'yan shekaru gaɓarmu ta yi duhu daga gadar kamun kifi har bakin mashiga. Mis Gwen ta fara kirana in zo in ga sawu da safe, ɗaruruwan ƙananan layuka sun miƙe sak zuwa ruwa kamar an taje yashin da mataji. Shi ma tana kiransa. Daga kan matakala yake kallo, ya gyaɗa kai, ya koma aiki.

Sai dai kowane bene da ya dusashe, kamar daga jikinsa aka cire. Ya rame, ƙasusuwan wuyansa suka fito. Clemene ta ce barci ya ƙaurace masa, sai ta farka ta tarar da shi zaune da takalmansa a ƙafa. Fasto ya yi masa addu'a, likita ya ba shi ƙwayoyi. Ita kam Mis Gwen ta ɗora wa laifi.

"Wannan tsohuwar ta cinye mini miji saboda dabba! Mu a gida miya muke yi da su."

Na ce mata ba wanda ya tilasta shi. Ta ce ai wannan ne ya fi ba ta tsoro.

Wata safiya cikin watan Mayu na sauko daga bas na ga motocin 'yan sanda sun tare titi, jirgi mai saukar ungulu na shawagi. Wani jirgin ruwa mai inji ya kwanta a gefensa daidai gaban benen Fenelon. Mutane na zaune a jere a bakin hanya, an lulluɓe su da barguna, ba takalma. Ban buƙaci a gaya mini daga ina suke ba. Can bakin ruwa an rufe mutum ɗaya da farin ƙyalle, iska na ɗaga gefensa, ana ganin ƙafar mace.

'Yan sanda na neman masu jin Kreyol, harshenmu, aka kira mu. Ni na zauna da matan. Bos Orelus ya tsuguna gaban wani magidanci mai furfura a gemu, wanda ya ce sunansa Dumerlin, tela ne daga garin Jean-Rabel a Haiti. Da ɗan sanda ya gama tambayoyinsa ya matsa gaba, sai na ji Bos ya yi tasa tambayar, murya ƙasa.

"Me ya sa nan? Gaɓa da faɗi, me ya kawo ku nan?"

"Kyaftin ne, Tonton," in ji telan, wato kawu a harshenmu. "Mun daɗe muna bin gefe. Duk inda ya ga haske sai ya ce a'a, za a gan mu. Da ya ga nan duhu sai ya juyo."

"Da akwai haske fa?"

"Da mun wuce gaba."

"Ita fa?" Bai nuna ba, amma mutumin ya gane.

"Ya ce kowa ya diro, ruwa iya ƙugu ne. Ba iya ƙugu ba ne."

"Da ta ga fitila, da ta san inda tudu yake?"

Dumerlin ya ja bargonsa. "Tonton, ban sani ba. Ruwa ne a idona. Ni ƙafata ce ta taɓa ƙasa, ba wani abu na gani ba."

Aka zo aka kwashe su a bas mai ƙarfe a taga. Bos Orelus ya cire takalmansa ya miƙa wa telan ta ƙofa, ya koma Coquina da safa.

Da yamma Fenelon ya same shi a ɗakin injin, ba kifi a hannunsa, idonsa ja. Ina goge ƙofa, na ji su.

"A gaban gidana, Orelus. A gaban gidana! Gobe zan mayar da fitiluna, a kama ni."

"Kada ka mayar."

"Kai ne ke faɗin haka? Kai?"

"Na kunna, an mutu. Na kashe, an mutu. Tun safe nake juya shi, in da haske da ba su zo nan ba, da sun sauka wani wuri, wataƙila mai duwatsu, wataƙila lafiya lau. Ba zan taɓa sani ba. 'Ya'yan kunkurun nan dai na gan su da idona, na taɓa su da hannuna. Bar shi yadda yake, ɗan'uwa."

Fenelon ya zauna a kan bokitin fenti. Bai mayar da fitilun ba.

Mis Gwen ta so ta yi wa Bos Orelus magana a kai, ya ɗaga mata hannu. Ya ci gaba da aiki shekara biyu ko uku, yana bin benaye a farkon kowace bazara yana duba huluna da labule, sai dai ya daina zuwa ko kan matakala. Da ƙafafu suka gaza, 'yarsu ta ɗauke su zuwa wani gari a tsakiyar jihar, inda ba a jin teku. A can ya rasu, da rana, yana zaune a baranda. Mun cika mota biyu muka je. Mis Gwen ta bi mu da sandarta, ta zauna a baya tun farkon sujada har ƙarshe ba ta jin ko kalma guda ta harshenmu. Wajen cin abinci Clemene ta zuba faranti da kanta, ta ajiye a gaban Mis Gwen.

Bazarar da ta biyo baya Clemene ta dawo ta kwana biyu a gidana. Ta ce in kai ta gaɓa, tana so ta ga abin da mijinta ya ba da barcinsa a kai. Mis Gwen ta nuna mana wani rami da samansa ya lotsa, ta ce alama ce sun kusa. Muka shimfiɗa zane nesa kaɗan, muka zauna tun rana na ja har ta faɗi. Benaye suka zama baƙaƙen duwatsu a bayanmu, da ɗigon ja nan da can. Sauro ya yi mana caa. Clemene na kora da gefen ɗankwali, idonta a kan ramin.

Ba su fito ba. Yashin ko motsi bai yi ba.

"Haka suke," in ji Mis Gwen. "Wataƙila anjima, wataƙila gobe."

Na fassara mata. Clemene ta yi tsaki a hankali, amma ba ta tashi nan da nan ba. Ta juya ta dubi ruwan, wanda ya yi fari-fari kamar tsohuwar tasa.

"Ashe ana ganinsa," ta ce. "Na ɗauka baƙi ƙirin zai yi."

Ta miƙo mini hannu na ɗaga ta, gwiwoyinta na ƙara. Mis Gwen ta ce ita za ta ƙara jira. Muka bar ta zaune ita kaɗai, muka lallaɓa da bango muna neman matakala, domin bas ɗinmu ba ya jiran kowa.